Ranar Da Superman Ya Shiga Rigimar 'Yan Ku Klux Klan

Da yawa daga cikinmu mun sha ƙwace littattafan nan na zane-zane daga hannun yara, waɗanda ake sayarwa a ƙasa a bakin tasha tare da tsofaffin mujallu, muna cewa shiririta ce, a je a ɗauki allo. To, ba mu ce mun yi laifi ba. Amma akwai wani tarihi a bayan ɗaya daga cikin jaruman nan da ya kamata mu sani, musamman mu da muke zaune a garin da ba a nan aka binne cibiyar kakanninmu ba.

Shi dai Superman, mai jar alkyabba da ke tashi sama, wasu samari biyu ne suka ƙirƙiro shi a birnin Cleveland na Amurka, Jerry Siegel da Joe Shuster, ya kuma fara fitowa a 1938. Dukansu 'ya'yan Yahudawa ne da iyayensu suka yi ƙaura daga Turai, wato 'ya'yan baƙi ne. Shi kansa jarumin a labarin baƙo ne, daga wata duniya aka jefo shi yana jariri, wasu manoma suka tsince shi suka rene shi. Haka kuma Joe Simon da Jack Kirby, su ma 'ya'yan baƙi, suka fito da Captain America a 1941, a bangon littafin farko yana narka wa Hitila naushi a muƙamuƙi, alhali Amurka ba ta ma shiga yaƙin ba tukuna. A lokacin Hitila na da magoya baya a cikin Amurka, don a 1939 sun yi taron mutum wajen 20,000 a New York. Simon ya ba da labarin cewa barazana ta yi musu yawa har sai da aka girke 'yan sanda a ofishinsu.

Amma abin da ya kawo mu shi ne shekarar 1946, kuma kafin mu isa can sai mun san su waye Ku Klux Klan.

Wasu tsofaffin sojojin Kudu su shida, ɓangaren da ya yi yaƙi don a ci gaba da bauta kuma aka ci shi, su suka kafa ƙungiyar a garin Pulaski na jihar Tennessee jim kaɗan bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1865. Aikinta tsoratar da bayin da aka 'yanta: duka, ƙone gidaje, ratayewa, don kada su yi zaɓe ko su ɗaga kai. Gwamnati ta murƙushe ta, ta kwanta. A 1915 wani mai suna William Simmons ya tashe ta a kan dutsen Stone Mountain a jihar Jojiya, aka ƙona katon gicciye na itace, wannan karon kuma aka ƙara Yahudawa, 'yan Katolika da duk wani baƙo cikin jerin abokan gaba.

Nan ne wurin da ɗan kasuwa zai buɗe kunne. Shekara biyar Simmons yana fama, ƙungiya ba ta yi wani girma ba, sai a 1920 ya ɗauko wasu 'yan talla biyu, Edward Clarke da Elizabeth Tyler. Su suka mayar da abin ciniki sosai. Kuɗin shiga dala 10, wanda ya kawo mutum ya ɗauki dala 4 la'adarsa, saura ya haura sama, kowane shugaba yana gutsurar nasa. Ga kuma farar riga da hula mai tsini wadda ke rufe fuska, dole a wurinsu za ka saya. Dillalai suka bazu gari-gari, duk inda suka sauka sai su bincika wa mutanen garin suke jin haushi, su ce ai shi ne maƙiyin. Kafin tsakiyar shekarun 1920 mambobi sun kai miliyoyi, har a 1925 dubban su suka yi fareti a tsakiyar Washinton. Daga baya rigimar kuɗi da abin kunyar shugabanni suka karya ta, a 1944 kuma hukumar haraji ta biyo ta bashin dala 685,000, ta rufe shago. Yaƙin duniya na ƙarewa sai wani likita a Atlanta, Samuel Green, ya soma haɗa ta kuma.

A wannan lokaci Superman ya riga ya shiga rediyo. Shiri ne na minti 15 da yamma, yara na dawowa daga makaranta su kewaye akwati, kamfanin Kellogg's ke biyan kuɗinsa. Daga 10 ga Yuni zuwa 1 ga Yuli 1946 aka watsa labari mai kashi 16 a kan wata ƙungiya mai ƙona gicciye. Ba a ambaci sunan Ku Klux Klan ba, an ɗan sauya shi, amma kowa ya san wa ake nufi.

Labarin da ƙaramin abu ya fara, kamar yadda irin wannan fitina ta saba farawa. Wani yaro ɗan asalin Sin, Tommy Lee, ya fi wani yaro Bature, Chuck Riggs, iya jifan ƙwallo, aka ba shi gurbinsa a ƙungiyar unguwa. Chuck ya koma gida cikin fushi ya faɗa wa kawunsa Matt, ashe kawun shi ne shugaban 'yan farar riga na yankin. Nan da nan aka juya magana, faɗan yara ya zama wai baƙo ya nemi kashe ɗan gari. Aka ƙona gicciye a ƙofar gidan su Tommy, aka sace yaron za a shafa masa kwalta a liƙa gashin kaji. Uban yaron fa likita ne mai yi wa birnin aiki, amma wannan bai hana a ce su tattara su bar gari ba. Mu da muka san yadda cacar baki tsakanin mutum biyu a kasuwa kan kwana ta tashi a matsayin yaƙin ƙabila, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani.

Inda labarin ya fi cizo shi ne lokacin da Matt ya gudu wurin babban shugabansu neman taimako. Sai shugaban ya yi masa dariya, ya nuna masa cewa shi fa sana'a yake yi, yana tara kuɗin shiga da kuɗin riga daga hannun wawaye, kuma ya yi mamaki a ce Matt ya gaskata abin da suke faɗa wa mabiya. Matt ya fusata ya kashe shi. Yaran Amurka sun ji wannan da kunnensu, wasunsu kuwa akwai irin rigar a ninke a akwatin babansu. Kuma ko da yake Superman ne ya kama miyagun, da Chuck bai daure ya je ya tona asirin kawunsa ba, da ba a san inda za a nufa ba.

Akwai wani zance da ya shahara, cewa wani marubuci ɗan Fulorida, Stetson Kennedy, wanda ya kutsa cikin ƙungiyar a ɓoye, shi ya riƙa ba masu shirin kalmomin sirrinsu ana watsawa, har yara suna wasa da su a titi. Kennedy ya yaƙi ƙungiyar da gaske, ya kai bayanansu ga hukuma da 'yan jarida, wannan ba a musu. Sai dai a 2006 marubutan da suka ƙara yayata labarinsa sun dawo sun ce ya yi ƙari, ya jingina wa kansa wasu abubuwan da wani ne ya gano. Faifan shirin kuma suna nan, masu bincike sun saurara ba su ji kalmomin sirrin ba. Zancen ya yi daɗi a baki, shi ya sa ya yaɗu.

Kada kuma mu wanke masu littattafan tas. Lokacin yaƙi su ma sun zana Japanawa da mummunar kama suna yi musu ba'a, a daidai lokacin da gwamnati ta tsare mutum wajen 120,000 'yan asalin Japan a sansanoni. Sa'an nan a shirin na 1946 an zaɓi iyalin Sinawa, alhali baƙaƙen fata ne suka fi shan azabar ƙungiyar. A ganinmu akwai lissafin kasuwa a ciki, kada masu saurare na Kudu su gudu. Kuma shirin bai tsayar da jini ba. Ranar 25 ga Yuli 1946, ko wata ɗaya ba a yi da gama shi ba, gungun Turawa suka harbe baƙaƙen fata huɗu, maza biyu da matansu, kusa da gadar Moore's Ford a Jojiya. Ɗaya daga cikin mazan tsohon soja ne da ya dawo daga yaƙi. Ba a hukunta kowa ba.

Sai da aka yi shekara 30 kafin jarumi baƙar fata ya kara da su da sunansu na ainihi. Black Panther, sarkin wata ƙasar Afirka ta ƙirƙira, wanda Stan Lee da Kirby suka fito da shi a 1966, shi ne marubuci Don McGregor ya kai Jojiya a 1976, har 'yan farar riga suka ɗaure shi a jikin gicciye suka cinna wuta. Mai zanen, Billy Graham, shi ma baƙar fata ne. Littafin bai yi kasuwa yadda ake so ba, aka dakatar da shi a ƙarshen shekarar, labarin bai kai ƙarshe ba.

Labarin su Tommy kuwa ya sake dawowa a 2019, lokacin da Gene Luen Yang, ɗan Sinawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka, ya mayar da shi littafin zane. Ya ba Tommy ƙanwa mai suna Roberta, wadda ta lura cewa Superman yana ɓoye wasu baiwarsa, yana gudu a kan wayar lantarki maimakon ya tashi sama, don kada mutanen gari su gane shi ma baƙo ne.