Yaƙin Kifi Tsakanin Aislan da Birtaniya

Da a ce yawan jirage ke ba ƙasa ikon teku, da Aislan ba ta isa ta ɗaga kai gaban Birtaniya ba. Manyan jiragen kamun kifi na Hull da Grimsby sun daɗe suna kwasar kifin kod a ruwan tsibirin, ga kuma jiragen yaƙi suna rufa musu baya. Ita kuwa Aislan, mutanenta ba su kai 250,000 ba, ba ta da soja, sai 'yan jiragen sintiri.

Duk da haka, a 1958 ta faɗaɗa iyakar ruwanta zuwa mil 12, a 1972 zuwa 50, a 1975 zuwa 200. Makaminta wani ƙugiyar ƙarfe ce da ke datse igiyar taru, a bar masunci hannu wofi. Amma a ganina abin da ya fi ƙugiyar kaifi shi ne barazanar rufe sansanin NATO na Keflavik, inda ake sa ido kan jiragen Tarayyar Sobiyet.

A watan Yunin 1976 Birtaniya ta saduda. Jirage 24 kacal aka yarje mata, na wata shida, kuma dubban masunta a Hull da Grimsby suka rasa abin yi.