Daga Motar Majigi zuwa Shaihu Umar: Adamu Halilu da Masu Riƙe Kyamara a Arewa

Wanda duk ya zauna da dattawan ƙasar Ɗanbatta, ya ja su da taɗin zamanin En'e, da wuya a tashi ba a ambaci majigi ba. Za su gaya masa yadda mota kan sauka a ƙofar gidan hakimi da la'asar, a yi shela, a kafa farin ƙyalle, bayan sallar lisha manoman gyaɗa da na gero su taru daga ƙauyuka, tafinta yana bayani ta lasifika. Sukan tuna da hoton Sardauna da na hawan daba, sukan tuna da Baban Larai da darasinsa na noma. Amma in ka tambaye su ko wane ne ya ɗauki hotunan nan, sai a yi shiru. Nufina a wannan takarda shi ne in bi sawun ɗaya daga cikin mutanen da su ke bayan ƙyallen, watau Alhaji Adamu Halilu, in nuna irin makarantar da ya tarar, da abin da ya yi da ita.

Bari mu fara da sunan abin. Kalmar majigi aro ce daga Ingilishi, daga sunan wata tsohuwar fitila mai jefa hoto a bango, wadda Turawa su ke kira fitilar sihiri. Bahaushe ya ɗauki rabin sunan, ya ƙara masa wasali a ƙarshe, domin harshensa bai cika son rufe kalma da baƙi ba. Sa'an nan ya raba ma'ana biyu: majigi shi ne na Gwamnati, kyauta, a fili, kowa da kowa, silima kuwa ita ce ta kuɗi, a cikin katanga, irin Rex da aka buɗe a Kano cikin 1937. Malamai da iyaye sun ƙi silima, amma ba su hana yara zuwa majigi ba, da ya ke a ƙofar sarauta a ke yinsa. Saboda haka yawancin mutanen karkara ta majigi suka fara ganin hoto mai motsi.

Wanda ya aza harsashin majigi wani Bature ne ma'aikacin tsabta a Ikko, sunansa William Sellers. Ya fara ɗaukar hotuna don yaƙi da annobar da ɓeraye ke yaɗawa, daga baya ya riƙa yawo da mota yana nuna su. Cikin 1939, da aka kafa Sashen Fim na Ƙasashen Mulkin Mallaka a Landan, shi aka ɗora bisa aikin. Sellers yana da ra'ayi mai ƙarfi game da idon mutumin Afirka, har ya shimfiɗa wa masu riƙe kyamara dokoki. Kada a juya kyamara tana cikin ɗauka, don kada mai kallo ya zaci gidaje ne ke gudu. Kada a tsallake wani mataki na aiki: in mutum zai tafi rijiya, a nuna fitarsa da tafiyarsa da isarsa. Kada a cika hoto da abubuwa da yawa. Kada labari ya koma baya ya ɗauko abin da ya wuce. Ma'aikatan sashen suna da wani labari da su ke yawan kafa hujja da shi, wai an nuna sauro an kusanto da shi har ya cika ƙyalle, sai masu kallo suka ce ai su ba su da sauro mai girma haka, don haka zazzaɓin bai shafe su ba.

To, a nan ya kamata mu tsaya mu yi tunani. Wanda ya nazarci harshe ya san cewa kowace alama sai an koye ta. Yaron da aka fara nuna wa baƙaƙen boko bai karanta su ran nan ba, ba kuwa don idonsa yana da aibi ba. Kusanto da abu a hoto al'ada ce ta masu fim, su ma mutanen Turai sai da suka saba da ita. Kuskuren Sellers shi ne ya ɗauki rashin sabo na dare ɗaya ya mai da shi hali na din-din-din. Batun komawar labari baya kuwa, ai Bahaushe ya riga shi sani. Cikin shekarun nan ne Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, inda aku ke ba da labari, a cikin labarin kuma wani ya ba da nasa, yara 'yan elemantare suna bi ba su ɓace ba.

Duk da haka, a ƙarƙashin waɗannan dokoki ne 'yan ƙasa suka fara taɓa kyamara. Cikin 1948 sashen nan ya buɗe makarantar koyon aikin fim a Ankara, babban birnin Gwalkwas, wadda a yau a ke kira Gana. Mutum uku suka tafi daga Nijeriya, cikinsu har da Malam Yakubu Aina. Cikin 1949 aka kafa sashen fim na Nijeriya, bayan an raba mulki jiha-jiha kuma Jihar Arewa ta sami nata a Kaduna, a ƙarƙashin Ma'aikatar Watsa Labarai. Sashen Landan ya rufe cikin 1955, amma koyarwarsa ba ta rufe tare da shi ba.

A cikin wannan gida Adamu Halilu ya tashi. An haife shi cikin 1936 a Lardin Adamawa. Ya yi karatun rubuta labarin fim da na yanka hoto da haɗa shi a Landan da birnin Rum. Wannan horo na biyu yana da muhimmanci ga zancenmu, gama mai haɗa hoto shi ya fi kowa sanin abin da mai riƙe kyamara ya ɗauko da abin da ya bari. A teburinsa a ke yanke shawarar ko za a nuna tafiya rijiya duka, ko a amince mai kallo zai cike gurbin da kansa. Halilu ya shafe shekaru yana yin finafinan faɗakarwa na Gwamnati, waɗanda yawansu ya kai wajen saba'in. Wanda aka fi tunawa a cikinsu shi ne Mama Learns a Lesson na 1963, fim na koyar da kiwon lafiya. Ko daga sunansa ma mai karatu zai gane tsarin majigi: wani ya yi kuskure, ya sha wuya, ya koyi darasi.

Babban aikinsa ya zo cikin 1976. Gwamnatin Tarayya tana shirin bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a Ikko cikin 1977, sai aka zaɓi littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa don a mai da shi fim. Littafin ya fito ne daga gasar rubutu da Dokta East ya shirya a Zariya cikin 1933. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun riga sun mai da shi wasan kwaikwayo, Umaru Ladan ɗin kuwa shi ya fito a matsayin Shaihu. Halilu ne ya ba da umarni, Yusuf Mohammed yana cikin waɗanda suka riƙe kyamara. An yi shi da Hausa, mai launi, tsawonsa ya ɗara awa biyu.

Mu dubi ginin fim ɗin. Yana buɗewa da Shaihu a tsakiyar almajiransa, suka tambaye shi asalinsa, sai ya fara ba su labari. Daga nan hoto ya koma baya shekaru masu yawa, zuwa ƙuruciyarsa, da sace shi, da yadda Balarabe Abdulkarim ya ɗauke shi ɗa ya ƙetare hamada da shi, da yadda mahaifiyarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa cikin bauta. Watau fim ɗin duka komawa baya ne, abin da aka ce idon Bahaushe ba zai iya bi ba. Ba tafinta a gefe yana fassara, ba darasin taki ko na allura a ƙarshe. An bar hoto da harshe su yi aikinsu. A ganina, wannan ita ce amsar da yaran majigi suka ba malamansu, ba da gardama a takarda ba, da aiki.

Bayan wannan Halilu ya yi fim a kan Kanta na Kabi cikin 1978, da Moment of Truth cikin 1981. Ya kuma shugabanci Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda aka kafa cikin 1979, mai mazauni a Jos. Ya rasu cikin 2001. A lokacin nan finafinan bidiyo na Kano sun riga sun cika kasuwa, Shaihu Umar kuwa ya ɓace daga idon jama'a, har mutane da yawa suka ɗauka ya salwanta. Sai cikin 2016 aka gano ainihin naɗin da aka ɗauka da kyamara a ma'ajiyar hukumar nan, a sakamakon binciken da Didi Cheeka ya tayar. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin cikin 2018.

Wannan ya tsira, amma fim ba dutse ba ne. Zafi da laima sukan cinye shi a cikin gwangwaninsa, kamar yadda gara ke cin littafi. Haka kuma waɗanda suka kalli majigi suna yara a Ɗanbatta da Kazaure da Ɓichi yanzu tsofaffi ne. Shawarata ga malaman kwalejojin horon malamai ita ce su tura ɗalibansu wurin waɗannan dattawa da alƙalami da na'urar ɗaukar magana. A tambaye su abin da suka gani, da abin da tafinta ya ce, da abin da ya ba su dariya, da sunayen da suka laƙaba wa mutanen cikin hoto. Sellers ya rubuta abin da ya zaci sun gani, an kuwa adana rubutunsa. Nasu bayanin yana bakinsu, sai an je an karɓo.