Daga Tafki Zuwa Titi: Shekara Hamsin na Bas ɗin Metro

A 2023 motocin bas na Metro suka cika shekara hamsin suna jigilar mutanen Seattle da kewaye, a gundumar King ta jihar Washinton, Amurka. Abin mamaki, ba don sufuri aka kafa hukumar ba. A 1958 ƙazantar magudanai ta ɓata Tafkin Washinton, har ana hana yara wanka a bakinsa. Wani lauya, Jim Ellis, ya yi ta faɗi-tashi har jama'a suka amince da hukuma ɗaya da za ta haɗa garuruwan yankin, amma suka ce ta tsaya kan ruwa kawai. Cikin shekara goma tafkin ya koma garai-garai.

Ellis bai san gajiya ba. A 1968 da 1970 shirinsa na jirgin ƙasa ya faɗi a akwatin zaɓe, kuɗin tarayya da aka ware wa shirin ya sulale zuwa Atlanta. Da wani ne da ya haƙura. A 1972 mutane suka yarda da ɗan ƙarin harajin saye don motocin bas, ranar 1 ga Janairu 1973 kuma Metro ta karɓi motocin birni da na kamfanin da ke hidimar unguwannin waje.

Shekarun da suka biyo baya su ne na ƙuruciya da ƙarfi. Hawa bas a tsakiyar birni ya zama kyauta har zuwa 2012. A 1978 aka kawo dogayen motocin nan masu lanƙwasa a ƙugu. Masu lantarki kuwa, da sandunansu biyu maƙale a waya, ba a yar da su ba. In sanda ta zame a kwana, direba ya sauko, ya ja igiya ya mayar, tafiya ta ci gaba. A 1990 aka buɗe hanyar ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kilomita biyu da ɗoriya.

An ɗan yi tuntuɓe, ba a musu. Kotu ta ce tsarin wakilcin majalisar hukumar ya saɓa wa tsarin mulki, a 1992 masu zaɓe suka miƙa ta ga gunduma. Layin dogon da aka shimfiɗa a ramin ma sai da aka sake shi. To, wa ya taɓa gini bai yi gyara ba?

Tun 2022 duk wanda bai wuce shekara 18 ba yana hawa kyauta. Masu son a tsuke kasafin Metro su fara zuwa tasha da asubahin hunturu, su ƙirga ma'aikatan asibiti da masu shara da ke tsaye cikin yayyafi suna duban hanya.