Gano Musabbabin Tsayawar Fankar Waje a Na'urar Ɗumama Gida Mai Jawo Zafi da Matakan Gyaranta

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin abubuwan da ke tsayar da fankar waje a na'urar ɗumama gida mai jawo zafi daga iska. Ta nuna cewa tsayawar fanka alama ce kawai, kuma ana gano ciwon ne ta hanyar bin matakan gwaji daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai tsada, tare da la'akari da nau'in injin da ke juya fankar.

Muhimman kalmomi: fankar waje, kafasito, koyil, narkar da ƙanƙara

1.0 Gabatarwa

Tun a 1852 Lord Kelvin ya bayyana cewa ana iya amfani da injin sanyi wajen ɗumama gini. A yau wannan na'ura ta yaɗu a gidajen Turai da Amurka da Japan. Rukuninta na waje kusan ɗaya ne da na na'urar sanyaya ɗaki da ake girkewa a Kano ko Maraɗi, sai dai ita tana da bawul mai juya tafiyar gas, ta yadda a lokacin sanyi take kwaso zafi daga waje zuwa ciki. Fanka ce ke ratsa iska ta bututan wannan rukuni. Idan ta tsaya a yanayin sanyayawa, matsin gas yakan hau har kwamfiresa ya katse. A yanayin ɗumamawa kuwa matsin faɗuwa yake yi, ƙanƙara ta lulluɓe bututan.

2.0 Hanyar Nazari

An gina nazarin ne a kan tsarin aikin nau'o'in inji biyu: mai amfani da kafasito, wanda ke cikin na'urori masu gudu ɗaya, da mai wutar DC marar buroshi, wanda ke cikin na'urori masu inbata. An jera musabbabai gwargwadon sauƙin gwajinsu da kuɗin gyaransu.

3.0 Sakamako da Tattaunawa

3.1 Tsayawar da ba lalacewa ba ce

A lokacin sanyi na'urar kan juya aikinta don narkar da ƙanƙara, kuma da gangan take kashe fanka domin zafi ya taru a bututan. A tsofaffin na'urori wani agogo ke duba buƙatar hakan duk bayan minti 30 ko 60 ko 90, aikin kuma bai cika wuce minti 10 ba. Saboda haka fankar da ta tsaya alhali kwamfiresa na aiki kuma tururi na tashi, mai yiwuwa lafiyarta ƙalau. Sai idan ta ƙi dawowa ne za a zargi rile ɗin da ke kan allon sarrafawa ko ma'aunin zafin bututu.

3.2 Gwajin hannu

Bayan an katse wuta gaba ɗaya, ana juya fukafukan da hannu. Idan sun cije ko suna gurnani, to boris ya ci, ko kuma ƙanƙara ko tarkace sun tokare su. Idan suna juyawa sumul, matsalar ta lantarki ce.

3.3 Inji mai kafasito

A nan kafasito ne abin zargi na farko. Injin kan yi ƙugi ba tare da juyawa ba, amma da an tura fukafukan da sanda sai ya kama. Kafasiton fanka yawanci tsakanin maikurofarad 1.5 ne zuwa 10, kuma masana'antu kan rubuta rangwamen kashi 5 ko 6 cikin ɗari a jikinsa. Kumburi hujja ce ta mutuwarsa, amma rashin kumburi ba shaidar lafiya ba ce. Sai an sauke cajinsa an auna da mita. Idan ya wuce gwaji, sai a koma kan koyil ɗin injin: juriyar wayar tashi da ta wayar gudu, idan aka haɗa su, dole su yi daidai da abin da aka auna tsakanin ƙarshensu biyu. Injin da ke aiki na ɗan lokaci ya mutu, sannan ya farfaɗo bayan ya huce, makarin zafin da ke cikinsa ne ke katse shi.

3.4 Inji mai wutar DC

Wannan ba shi da irin wancan kafasito, don haka gwajin sanda ba ya faɗin komai. A yawancin na'urori allon sarrafawa kan ba shi kimanin volt 310 na ƙarfi da volt 15 na sarrafawa, tare da siginar gudu da wayar da ke mayar da rahoton juyawa. Injin da ya ƙone yakan lalata allon, shi ya sa sanya sabon allo a kan tsohon inji ba tare da gwaji ba kan jawo asara biyu. Manyan kafasitocin inbata kuma sukan riƙe wuta mai kisa na mintuna bayan an kashe na'ura.

4.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa matakai huɗu sun wajaba kafin a yanke wa inji hukunci: tabbatar da ba narkar da ƙanƙara ake yi ba, juya fukafukai, auna wutar da ke isa injin, da gwada kafasito ko allo. Wajibi ne sabon kafasito ya zo da maikurofarad iri ɗaya, ƙarfin volt ɗinsa kuma kada ya gaza na tsohon. Ana ba da shawarar wanke bututan akai-akai, domin ƙura na ƙara wa inji zafi, kuma ƙarin digiri 10 kan rage kusan rabin rayuwar rufin koyil.