Gidajen Fatake na Damagaram

Duk mutumin Droum da ya je Damagaram ya ga tsofaffin soraye a Birni da Zango, masu zankwaye da zane a bakin zaure. To, da wace dukiya aka gina su?

A ƙasar Ingila akwai gidajen 'yan kasuwa da suka haura shekara 500, an gina su da kuɗin ulu, wato gashin tumaki. Namu kuwa, da yawa daga cikinsu kuɗin gashin jimina ne da na fata.

A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, Damagaram ta zama babban masaukin ayari. Abzinawa ke da raƙuma, su ne kuma suka san hanya. Daga Zango ayari ya kan bi ta Damargu da Agadas da Gat, ya yi watanni kafin ya kai Tarabulus a bakin teku. Kayan tafiya su ne gashin jimina da kirgi da hauren giwa. Gashin nan har Landan da Faris ake kai shi, matan Turawa su soka a hula don ado. Ku ji abin da ya sa mutum ya keta Sahara! A dawowa sai a ɗoro akoko da alharini da takarda da sukari.

Gidan attajiri ba wurin kwana kaɗai ba ne. Nan baƙi ke sauka, nan ake ajiye kaya, nan ake ƙulla bashi. A ƙarshen zamanin sarakunan, attajirin da ya fi suna shi ne Malam Yaro na Zango.

Amma kada zanen bango ya rufe mana ido. Awakin da aka feɗe daga ƙauyuka suka fito, haka ma geron da ayari ya ci. Kuma cikin abin da ake sayarwa har da mutane. Bayi da yawa sun yi noma da dako, ba wanda ya riƙe sunayensu.

Faransawa suka ci Damagaram a 1899. A 1906 suka tuɓe Sarki Amadu Ɗan Basa, suka kama Malam Yaro. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, sai kaya suka juya kudu zuwa Ikko, domin ya fi arha. Fatake suka koma sayen fata da gyaɗa, ayarin Tarabulus kuwa ya mutu.