Bikin Ranar Mulkin Kai a Ƙasar Amurka

Kowace shekara, ran 4 ga watan Yuli, akan rufe ofisoshin gwamnati a duk ƙasar Amurka, jama'a su fita shagali don tunawa da samun mulkin kansu. Amma bikin yau ba irin na kakanninsu ba ne, kuma ba kowane ɗan ƙasar ne ya sami shiga cikinsa tun da fari ba.

Ga asalin abin. A da akwai ƙasashe 13 a gaɓar tekun Atlantika, duka a hannun Sarkin Ingila. Rigima ta tashi a kan haraji, gama ana ɗora musu shi alhali ba su da wakili a majalisar Ingila. Yaƙi ya ɓarke a 1775. Ran 2 ga Yuli, 1776, wakilansu da ke taro a birnin Filadelfiya suka tsai da shawarar fita daga hannun Sarki. Ran 4 ga wata kuma suka amince da takardar shela wadda Thomas Jefferson ya tsara. A cikinta aka ce an halicci mutane duka daidai, kuma ba a mulkin jama'a sai da yardarsu. John Adams, ɗaya daga cikin manyan taron, ya rubuta wa matarsa cewa ran 2 ga wata jikoki za su riƙa yi wa biki. Amma ran 4 aka buga a kan takardar, ita kuwa jama'a suka riƙe.

Murnar farko murnar yaƙi ce. Da aka karanta shelar a New York ran 9 ga Yuli, sai mutane suka tuɓe wa gunkin Sarki Joji na Uku, suka kā da shi, aka narka dalmarsa aka yi harsashi. Da shekara ta kewayo, a 1777, mutanen Filadelfiya suka kaɗa ƙararrawa, jiragen ruwa suka buga igwa 13, ɗaya domin kowace ƙasa, da dare kuma aka yi wasan wuta. Daga nan al'adar ta kafu. Garin Bristol na jihar Rhode Island ya soma nasa bikin a 1785, har yanzu kuwa bai fasa ba.

Bayan yaƙi, sai siyasa ta shiga. Wajen 1795 jam'iyyu biyu ke gaba da juna, a garuruwa da yawa kowace ta yi walimarta dabam da mai jawabinta, kowace tana cewa ita ce magajiyar waɗanda suka yi gwagwarmaya. Sannu a hankali wannan gaba ta lafa. A 1826, ranar da shelar ta cika shekara 50 cif, Jefferson da Adams suka rasu, tsakaninsu 'yan sa'o'i kaɗan. Dukansu sun taɓa shugabancin ƙasar. Jama'a suka yi al'ajabin wannan abu, darajar ranar ta ƙaru a idonsu. A zamanin nan sukan zaɓe ta don soma manyan ayyuka. Ran 4 ga Yuli, 1828, aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa a Baltimore, ran 4 ga Yuli, 1848, kuma na hasumiyar tunawa da George Washington.

To, amma akwai waɗanda bikin bai kai gare su ba. Ana karanta cewa mutane duka daidai suke, ga baƙar fata kuwa miliyoyi suna bauta a gonakin auduga da na taba. Jefferson kansa ya mallaki bayi fiye da 600 a zamansa na duniya. Da jihar New York ta 'yanta bayinta ran 4 ga Yuli, 1827, baƙaƙen birnin da yawa sai washegari suka yi jerin gwanonsu, don gudun tsangwamar farar fata. A 1852 aka gayyaci Frederick Douglass, wanda ya gudo daga bauta ya zama mashahurin mai jawabi, ya yi magana a garin Rochester ran 5 ga Yuli. Ya yaba wa waɗanda suka kafa ƙasar, sa'an nan ya gaya wa masu sauraro a fili cewa ranar tasu ce, ba tasa ba, gama ga bawa babu ranar da ke tuna masa zalunci kamarta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Zancen bautar nan shi ya jawo yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865. Arewa ta ci, aka hana bauta. Sai abin ya juya a jihohin Kudu: 'yantattun bayi suka cika tituna da fareti ran 4 ga Yuli, farar fata da yawa kuwa, saboda zafin kayen da suka sha, suka zauna gida. A 1870 majalisar ƙasa ta mai da ranar ta hutu, a 1938 kuma ta yarda a biya ma'aikatan gwamnati albashin ranar.

Mata ma sun nemi rabonsu. A 1876 ana babban bikin cika shekara 100 a Filadelfiya, sai Susan B. Anthony da 'yan'uwanta suka kutsa har gaban shugaban taro, suka miƙa masa takardar kukan mata, sa'an nan ta fita waje ta karanta wa jama'a. Sai a 1920 aka ba matan ƙasar duka ikon jefa ƙuri'a.

Wata matsala kuma ita ce albarushi. Yara da manya sukan kwana suna harba bindigogin wasa da abubuwan fashewa, a ƙone gidaje, a rasa yatsu da idanu. A bikin 1903 likitoci sun ƙidaya mutum fiye da 400 da suka mutu, yawancinsu daga ciwon nan mai shiga ta rauni ya sandarar da jiki. Likitoci da jaridu suka tashi tsaye, garuruwa suka kafa dokoki, a wurare da yawa wasan wuta ya koma hannun gwanaye, jama'a na kallo daga nesa.

A 1976, da aka cika shekara 200, manyan jiragen ruwa masu filafilai daga ƙasashe dabam dabam suka taru a tashar New York. Sarauniya Elizabeth ta Biyu, wadda ta fito daga zuriyar Sarki Joji, ta zo Filadelfiya da kanta a cikin watan nan, ta ba su kyautar ƙararrawa. Tsohuwar gaba ta zama zumunci. A 2021 kuma aka ƙara wata ranar hutu, 19 ga Yuni, don tunawa da ranar da shelar 'yanci ta isa ga bayin Texas a 1865.

Yau galibi bikin na iyali ne: fareti da safe, gashin nama da rana, wasan wuta da dare. Amma a Monticello, gidan Jefferson inda bayi suka yi masa noma, kowace ran 4 ga Yuli akan rantsar da baƙi daga ƙasashen duniya, fari da baƙi, maza da mata, su zama 'yan ƙasa. Maganar da aka rubuta a 1776 ba ta sāke ba. Abin da ya sāke shi ne yawan waɗanda aka yarda ta shafe su, kowane ƙari kuwa sai da waɗansu suka tashi suka nema.