Rajistar Zuwa Aiki da Ran Ma'aikaci: Nazarin Shugabanci Nagari a Makarantun Kutemeshi, Birnin Gwari

Tsakure

Maƙalar ta duba hukuncin da hedimasta ke yankewa ranar da dokar aiki ta ce malami ya zo, alhali hanya ba ta biyuwa. An ɗauki Kutemeshi a matsayin misali, aka nuna cewa ma'aunin da masana suka saba auna shugaba nagari da shi bai hango irin wannan wurin aiki ba.

Gabatarwa

Kutemeshi ɗaya ce daga mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Birnin Gwari, tana gabashin ƙaramar hukumar, ɓangaren Kuyello da Tabanni. A watan Fabrairun 2021 gwamnatin Kaduna ta tabbatar da kashe mutum 14 a wani hari da aka kai garin. Ranar 15 ga Maris na shekarar, 'yan bindiga suka shiga firamaren Rama, a wannan ƙaramar hukuma, suka tafi da malamai uku. Tun daga nan duk wanda ke riƙe da makaranta a yankin ya san cewa kiran malami aiki na iya zama kiransa ga halaka.

Bitar ayyukan magabata

Brown da Treviño da Harrison (2005) sun tsara ma'auni mai tambayoyi 10 a Amurka, wanda ya zama abin dogaron masu nazarin ɗa'ar shugabanni. Ɗaya daga tambayoyin ita ce ko shugaba yana hukunta ma'aikacin da ya saɓa ƙa'ida. A nan nake da ja. Ma'aunin ya ɗauka cewa ƙa'ida da adalci hanyarsu ɗaya, kuma ma'aikaci zai isa ofis ya koma gida lafiya. Idan aka kawo shi Kutemeshi, hedimastan da ya kai ƙarar malami don bai ratsa daji ranar da ake harbi ba, shi zai ci maki mai yawa. Kirk-Greene (1974), a nazarinsa kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, ya fi kusa da gaskiyar lamarin, domin ya jera gaskiya da amana da hankali da adalci tare. Sai dai bai faɗi abin da za a yi ba idan biyu daga ciki suka yi karo.

Hanyar bincike

An dogara da sanarwar gwamnati da rahotannin jaridu daga 2017 zuwa 2024, aka auna su da ƙa'idar zuwa aiki a makarantun gwamnati.

Sakamako

Wurin da ake gane halin shugaba a irin wannan makaranta shi ne littafin da malamai ke sa hannu kowace safiya. Idan lokaci ya wuce, hedimasta yakan ja layi da jan biro, wanda sunansa bai shiga ba ya makara ko bai zo ba. Nauyin wannan layi ya ƙaru a Kaduna tun 2017, lokacin da gwamnati ta sallami malamai 21,780 bayan jarrabawar gwaji, ta ƙara sallamar 2,357 a 2022. Malami ya ga cewa kora ba barazana ba ce kawai.

Hedimasta na iya matsa wa malami ya zo ko ta halin ƙaƙa, ya tsira da kujerarsa, hatsarin ya koma kan ɗan'uwansa da ke bisa babur. Yana kuma iya barin gurbi a littafin, malami ya zo ranar kasuwa ya cike kwanakin da bai zo ba. Mutane da yawa suna kallon wannan a matsayin tausayi, ni kuwa ina ganin wannan hanyar ce mafi ɓarna. Littafin zai nuna wa ofishin sakataren ilimi cewa makaranta na tafiya daidai, don haka babu dalilin neman tsaro ko sauya wa kowa wurin aiki. Yara sun rasa darasi, babu inda aka rubuta sun rasa. Sannan wanda ya tare a birni yana jiran albashi ya sami mafaka ɗaya da wanda tsoro na gaskiya ya hana fitowa, har a daina bambance su.

Abin da maƙalar ke karewa shi ne hedimasta ya rubuta gaskiya, ya ɗauki alhakinta: wane bai zo ba, da izinina, saboda halin hanya. Ya sa hannu, ya sanar da mai gari da kwamitin makaranta, ya aika rahoto Birnin Gwari, ya tsara yadda za a rama darussan. Bai yi wa hukuma ƙarya ba, bai kuma sayar da ran malaminsa ba. Idan takardar tuhuma ta zo, sunansa za ta ɗauko. Shi ya sa hanyar ke da wuya, kuma shi ya sa ma'aunin da bai tambayi wa ya ɗauki hatsarin ba bai auna komai ba a nan.

Bayan sulhun da aka yi da 'yan bindiga a Nuwamban 2024, da Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari, tambayar ta koma kan komawa aiki. Hujjar ba ta sauya ba: shugaban da zai ce malamai su koma, shi ya kamata ya fara kwana a garin da makarantar take.

Iyakokin bincike

Nazarin ya tsaya kan rubutattun bayanai, kuma makarantun firamare kaɗai ya shafa. Za a iya cewa ba wa hedimasta wannan dama zai buɗe ƙofar son kai. Haka ne, amma izinin da aka rubuta aka sa wa hannu ana iya bin diddiginsa, gurbin da aka cike a ɓoye kuwa ba a iyawa. Asibitocin karkara na buƙatar nazari nasu daban, domin ana rama darasi, ba a ɗage naƙuda.